Zauren Makanikai: Tambayoyinku kan Toyota Highlander

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa a kan Toyota Highlander, musamman ƙirar 2001 zuwa 2013 da ta cika titunanmu. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita dogayen.

Assalamu alaikum. Ina son sayen Highlander 'yar Kwatano, tsakanin ƙirar 2003 da 2008. Dillali ya ce in ɗauki mai fulogi huɗu don ba ta shan mai. Me za ku ce? Daga wani malamin makaranta a Katsina.

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da sanin abin da za ka saya. Highlander a kan ginshiƙin Camry aka gina ta, bodi da shasi a haɗe suke, ba kamar Prado ko 4Runner ba da aka ɗora bodinsu a kan shasi daban. Jif ce a ido, amma cikinta na ƙaramar mota ne. Wanda ya riƙe wannan, rabin tambayoyin da ke ƙasa ya riga ya amsa wa kansa.

Injuna huɗu za ka tarar a shekarun da ka ambata. Mai fulogi huɗu shi ne 2AZ-FE, lita 2.4. Masu fulogi shida kuma 1MZ-FE, lita 3.0, daga 2001 zuwa 2003. 3MZ-FE, lita 3.3, daga 2004 zuwa 2007. Sai 2GR-FE, lita 3.5, daga 2008. Dillalin bai yi ƙarya ba, amma bai gama zancen ba. Ƙaramin injin yana da sauƙin mai a cikin gari in ba kaya. Da zarar ka ɗebi iyali, ka kunna AC, ka hau titin Kano, sai ka ga ƙafarka ba ta sauka daga totur, ribar kuwa ta tafi. Yana da kuma wani ciwo sananne: kusoshin da ke ɗaure kan silinda ta ɓangaren baya sukan cinye zarensu a cikin bulok na alminiyam, ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayan injin. Haska tocila a wurin; in ka ga busasshen ruwa fari ko ja-ja ya bi jikin bulok, ka bar musu motarsu. Gyaransa sai an sauke kan silinda an dasa sabon zaren ƙarfe a ramukan.

Mu dai zaɓinmu 3MZ-FE ne in kuɗi ya tsaya a nan, ko 2GR-FE in aljihu ya kai.

Kada ka yarda da shekarar da aka faɗa maka da baki. Lambar shasi tana da harafi da lamba 17, na goma shi ne shekara: 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Ka gwada wadda ke gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takardar kwastan, su zo ɗaya. Motocin Amurka da mil suke lissafi, don haka 150,000 a agogo kusan kilomita 241,000 ce. Ka ɗaga kafet ka sunsuna, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, alamar ambaliya ke nan. A ɗaga ta a rami ka duba ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, domin gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara a can yana cinye shi. Kuma ka je da sassafe, injin yana sanyi. Motar da ka tarar an riga an ɗumama ta kafin ka iso, ka tambayi dalili.

Makanikena ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce tamostat na ƙasar Turawa ne mai sanyi. Tun daga nan motar take shan mai, kuma har yanzu tana zafi in na yi doguwar tafiya. Highlander 2005 ce, V6. Daga Zariya.

Gyaran gangar Auzinawa aka yi maka, ɗan'uwa. Tamostat ba na sanyin gari ba ne, na zafin inji ne. Wanda ke cikin motarka yana fara buɗewa a digiri 82, kuma ko a Sakkwato a watan Afrilu iska ba ta kai kusa da wannan. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aikinsa, sannan ya sake shi zuwa lagireto.

Abu biyu ke faruwa in an cire shi. Na farko, da safe da kuma a tafiyar dare injin ba ya kai zafin da ya kamata, ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka har yanzu ana ɗumama ne, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Wannan ne shan man da kake gani, kuma feturin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, zoben fistin ya ci da wuri. Na biyun shi ne wanda yawancin masu cirewa ba su sani ba. A gindin tamostat ɗin akwai wani faifai da ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Babu tamostat, wannan hanya a buɗe take kullum, sai wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewayawa cikin injin bai huce ba. Shi ya sa littafin gyara na Toyota da kansa ya hana cire shi ko da mota tana zafi.

Ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba. Yadda ake gano shi: motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce a buɗaɗɗen titi, fanka ce, ko rilay ɗinta, ko fis. Wadda ke lafiya a gari amma allura ta hau a doguwar tafiya, irin taka, yawanci lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji. Bayan ka kashe injin da ya yi zafi, ka bi fuskar lagireton da tafin hannu a hankali. In wani wuri da zafi wani da sanyi, bututun ciki sun toshe. Ka duba kuma tsakanin lagireto da kwandensan AC, ƙurar hunturu da ciyayi da ledoji sukan cika wurin. In kuwa kumfa tana tasowa a bakin ruwa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, to gasket ya fara tafiya.

Ga yadda za a mayar da ita daidai. A sayi tamostat na asali mai digiri 82 da robarsa. Kafin a ɗaura, a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, a ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. A ɗaura shi ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke gefensa yana sama, ta nan iska ke fita. A mayar da wayar fanka yadda kamfani ya yi ta; fankar da ke juyawa ba hutu tana ƙone kanta, kuma ranar da za ta mutu ba za ta yi sallama ba. In lagireton ya toshe ko tankin robar samansa ya tsage, a canza shi, kada a liƙe da gam. A canza murfin ruwa da mai lamba irin ta tsohon.

Ruwan ma magana ce. Ruwan rijiya da na leda su ne ke haifar da tsatsa da dasashin da ya toshe lagireton tun farko. Injin yana ɗaukar kusan lita 9. Ruwan Toyota mai launin hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai. Ja kuwa ana raba shi rabi da rabi da tataccen ruwa, kuma in za ka saya wurin masu batir ka tabbatar tataccen ne, ba mai asid ba. Bayan an cika, a juya hita zuwa zafi, a bar injin yana aiki har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, a bari ya huce sarai, a sake cikawa.

Giyar motata tana ɗan bugawa in za ta shiga ta biyu zuwa ta uku. Wasu sun ce in canza man giya, wasu sun ce in na taɓa shi giyar za ta mutu. Wanne zan bi? Hajiya daga Kaduna, Highlander 2006.

Hajiya, ki fara da duba man. A ɗumama motar da tafiyar minti goma sha biyar, a tsaya a daidaitaccen wuri, inji yana aiki, a bi da giya kowane mataki a dawo P, sannan a zaro sandar awo a goga a farin ƙyalle. Ja ko ruwan ƙasa-ƙasa ba wari: a canza, babu fargaba. Baƙi mai ƙauri da ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe: faifan cikin giyar sun riga sun ci, sabon mai ba zai dawo da su ba, kuma daga irin wannan ne camfin nan ya samo asali. Giyar tana bakin mutuwa aka canza mai, sai aka ɗora wa man laifi. In kuma man ya yi kama da madara mai ja-ja, ruwa ne ya shiga ta lagireto, a tsayar da motar nan take.

Ƙirar 2001 zuwa 2007 tana amfani da Toyota T-IV, daga 2008 kuma WS. Ba a haɗa su, ba a kuma musanya su da kowane jan mai da aka samu a bakin titi. A kwance kusar ƙasan giya, kusan lita 3 da rabi za ta fito, ƙasa da rabin abin da ke ciki ke nan. A auna abin da ya fito, a mayar da daidai shi. A yi tafiyar kilomita 300 zuwa 500 a maimaita, har sau uku. A zagaye na farko yana da kyau a sauke farantin ƙasa, a wanke maganaɗisun da ke ciki, a canza matata da gasket. Ba mu goyon bayan tura mai da injin matsi a tsohuwar giya, yana taso da datti ya kai shi cikin bawul.

A kuma sa a duba robobin da ke riƙe inji, musamman na sama mai kama da ƙashin kare. In ya tsage, bugun da kike ji nasa ne, giyar lafiyarta ƙalau.

An ba ni shawarar a cire farfelar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya don motar ta rage shan mai, tunda dama tana ƙara. Daga Gombe.

Kada ka yarda. A ƙirar 2001 zuwa 2013 mai jan ƙafa huɗu, ƙafafun huɗu suna ja koyaushe, ta hanyar wani gaɓin raba ƙarfi da ke tsakiya. Ka cire farfela, ƙarfi zai gudu zuwa ɓangaren da babu nauyi. A 'yan 2001 zuwa 2003 akwai wata na'ura mai kaurin mai da za ta riƙe motar ta yi tafiya na ɗan lokaci, har ta ƙone. A 'yan 2004 zuwa 2013 kuwa sai an yi wa gaɓin walda kafin ta tafi daidai, kuma daga nan ba komawa. Duk wannan a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba, domin nauyin akwatin rabon da aksul na baya yana nan kana jansa.

Ƙarar ita za a bi. Gurnani daga tsakiyar mota da ke ƙaruwa da gudu, boris ɗin tsakiyar farfela ne. Bugu ɗaya in an saka giya, robar da ke riƙe aksul na baya ce. Kuka mai tsini kuma, rashin mai. Akwatin rabo da aksul na baya kowanne yana da mansa daban, mai kauri na GL-5, irin 80W-90, ɗan ƙasa da lita ɗaya kowanne, kuma da yawan waɗannan motoci tun da suka bar Amurka ba wanda ya buɗe su. A fara kwance kusar cikawa kafin ta zubarwa. In ka zubar sannan ta saman ta ƙi kwancewa, ka shiga uku. A cika har mai ya fara dawowa ta ramin. Tayoyi huɗu kuma su zama girma ɗaya, cinsu kusa da juna, in ba haka ba gaɓin tsakiyar yana aiki ba hutu.

Ina yawan shiga ƙauyuka, hanya yashi da ramuka, cikin motar yana taɓa ƙasa. Ina so in ɗaga ta in sa manyan tayoyi. Har ina zan iya kaiwa? Highlander 2004, daga Damagaram.

Alhaji, kafin a ɗaga, a tabbatar ba zama ta yi ba. Motar da ta shekara ashirin sifirinta ya gaji. A tsayar da ita a kan siminti ba kaya, a auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa leɓen bodi. In gefe ɗaya ya gaza ɗaya da fiye da milimita 15, ko baya ya yi ƙasa a fili, to sabon sifirin da shokazoba kaɗai za su dawo maka da tsayin da ka rasa. Tun daga kamfani tsayin cikinta daga ƙasa kusan santimita 18 ne.

In bai isa ba, hanya mai tsabta ita ce faifan ɗagawa da ake sa wa a saman shokazoba, na alminiyam ko roba mai tauri, milimita 25 zuwa 40, a ƙafafu huɗu. Wuce 50 kuwa neman magana ne: shaf ɗin da ke juya ƙafafu zai karkace da yawa, robobinsa su yage, ya fara ƙas-ƙas a kwana, tayoyi su riƙa ci ta gefe guda. Abin da ba mu so shi ne cusa guntun taya ko roba tsakanin zoben sifirin. Yana hana sifirin lanƙwasa, nauyi ya taru wuri ɗaya har ya karye, motar kuma ta koma tsalle kamar amalanke. Bayan ɗagawa dole a yi alaimen, kuma ka san cewa doguwar mota ta fi saurin kifewa a kwana.

Tayar kamfani 225/70R16 ce, tsayinta kusan milimita 721. In ka koma 235/70R16 ta zama 735, wato motar ta ƙaru da milimita 7 kacal, kuma in agogo ya nuna 100 kana kan 102. Wannan tana shiga ba rigima. 245/70R16 tana kai 749, amma takan goga a mazaunin sifirin baya, inda wuri ya matse, kuma tana ƙara wa giya nauyi. Ribar babbar taya ba ta kai yadda ake zato ba. Ƙirar tayar ta fi girmanta muhimmanci: ka nemi mai ƙarfin gefe, irin ta kwalta da daji.

Ga masu ƙirar 2008 zuwa 2013 da ta zo da rim 19 da taya 245/55R19, in ramuka suna fasa muku taya ku koma rim 17 da 245/65R17. Tsayinsu kusan ɗaya, 752 da 750, amma naman gefen ya tashi daga milimita 135 zuwa 159. Wannan shi ne canji mafi amfani da za a yi wa wannan mota a hanyoyinmu.

Iska kuma a bi takardar da ke jikin ƙofar direba, yawanci 30 ne a ma'aunin psi, a auna taya tana sanyi. Masu faci sukan dura 45 ko 50, wai don kada ta yi faci, alhali hakan yana cinye tsakiyar taya, yana kashe shokazoba, yana rage kamun birki. A yashi mai zurfi a rage zuwa 20, a tafi a hankali ba juyi mai kaifi, a mayar da iska da an hau ƙasa mai tauri. Ka sayi ɗan famfon da ake haɗawa da batir. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT su ne ranar haihuwar taya: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Notin ƙafa a ɗaure su da awo, 103 a ma'aunin Nm, ba yaro ya hau kan sifana da ƙafa ba.

Abin da ya fi ɗagawar amfani shi ne farantin kariya a ƙarƙashin inji: ƙarfe mai kaurin milimita 3, a ɗaure da noti a ramukan da ke akwai, ba walda ba, a bar ramin zubar da mai da na shigar iska. Kuma ka tuna ba ta da ƙaramar giyar ja irin ta Prado. In ta kafe a yashi kada ka yi ta taka totur, man giya ne kake dafawa. A haƙa, a sa itace, a tura.

Fitilar inji da ta VSC sun kama tare, kuma motar ta daina shiga giyar ƙarshe, injin yana ta kuka a kan titi. Makanike ya ce giya ce. Highlander 2002, V6. Daga Jos.

Kada ka sayi giya tukuna. A waɗannan motoci, da fitilar inji ta kama sai ƙwaƙwalwa ta kashe VSC, wato na'urar da ke hana mota santsi, don haka fitilu biyu ne amma laifi ɗaya. A sa na'urar bincike a karanta lambar, ka rubuta ta da hannunka kafin a goge.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da P0325 ko P0330, wato sensar da ke sauraron bugun inji. In ta mutu a 1MZ-FE, ƙwaƙwalwa tana ja da wuta baya, ta kuma hana giyar ƙarshe shiga don kare injin. Sensocin biyu ne, suna cikin kwarin da ke tsakanin layukan silinda, sai an sauke manifol na sama da na ƙasa. Tunda aikin yana da nisa, a yi shi sau ɗaya: sensa biyu na asali, guntuwar wayar da ke haɗa su, wadda sau da yawa ita ce zafi ya gasa, tiyon ruwan da ya bi ta wurin, da sababbin gasket. Fulogi uku na baya ma a lokacin ne ake kai musu hannu cikin sauƙi. A sa na iridiyam, irin Denso SK20R11, duka shida. Sensar jabu a wannan wuri asarar kuɗin aiki ce sau biyu.

Ga masu ganin P0171 ko P0174, iska ce ta yi wa fetur yawa. A duba tiyon iska ko ya tsage a lanƙwasarsa, a kwance sensar iska da ke bayan matata, a fesa mata maganin wanke kayan lantarki, kada a taɓa siririyar wayarta, kada a sa fetur. Matatar iska a canza ta, busa ta da kwamfuresa yana huda ta. Sai a kula da wani kuskure: sensar salansa ta kusa da inji daban take da ta bayan indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ko da sun yi kama, kuma in aka sa ta baya a gaba motar za ta sha mai kamar ba gobe.

P0420 ko P0430 kuwa indomi ne ya gaji ko an fasa shi. Fasa shi ba ya kashe inji nan take, gaskiya ce. Amma fitilar za ta zauna a kunne, VSC a kashe, kuma ranar da sabon ciwo ya zo ba abin da zai sanar da kai. Indomi mai lafiya yana da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, don haka duk wanda ya ce a fasa naka, ka tambaye shi ina za a kai garin.

Wane baƙin mai ya dace, kuma yaushe ake canza taimin bel? Daga Birnin Kebbi.

5W-30 ya wadatar da dukansu a yanayinmu. 1MZ-FE da 3MZ-FE suna shan lita 4.7 har da matata, 2GR-FE lita 6.1. 20W-50 ya yi kauri ga siraran hanyoyin VVT-i, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. A ƙura da cunkoso a canza duk kilomita 5,000. 1MZ-FE ya yi suna wajen tara baƙin kwalta a ciki in an yi sakaci. In an buɗe murfin sama an ga ya taru, kada a zuba maganin wanke inji, zai ɓamɓaro shi ya toshe rariyar famfon mai. A sauke farantin ƙasa a wanke rariyar da hannu, a canza bawul na PCV mai fitar da hayaƙin cikin inji, a rage tazarar canjin mai.

Bel kuwa 1MZ-FE da 3MZ-FE ne kawai ke da shi, sauran biyun sarƙa ce. Wa'adinsa mil 90,000, kusan kilomita 145,000. In ba ka ga sitikar canji a murfinsa ba, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba. A canza shi tare da famfon ruwa, na'urar ɗame bel, boris biyu da sil na mai uku. Bayan an ɗaura a juya inji da hannu zagaye biyu, a ga alamomin sun dawo daidai kafin a tayar. In ya tsinke a guje a 3MZ-FE, bawul na iya haɗuwa da fistin.

Masu 2008 da 2009, ku sa a duba bututun man VVT-i da ke bayan inji. Na farkon yana da guntun roba a tsakiya wanda kan fashe ya zubar da mai cikin 'yan mintoci. Akwai na ƙarfe zalla da ya maye gurbinsa.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 nake tunanin mayar da Highlander 2010 ɗita mai amfani da iskar gas ta CNG. Injin zai jure? Daga Kano.

Zai jure, kuma 2GR-FE ya fi tsofaffin dacewa, domin bawul ɗinsa suna daidaita gibinsu da kansu. Gas busasshe ne, yana cin mazaunin bawul a hankali, don haka masu 1MZ-FE, 3MZ-FE da 2AZ-FE su sa a riƙa auna gibin bawul lokaci-lokaci. Mai V6 ƙirar 2017 zuwa sama kuwa tana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, kayanta daban ne.

Ka nemi kayan da ke da nozul shida, kowace silinda da nata, da na'urar rage matsi da ta kai ƙarfin injinka, doki 270. Ƙarama za ta sa motar ta shaƙe in ka taka. A sauke manifol kafin a huda shi, kada garin hudar ya faɗa cikin inji. A sa sababbin fulogi, a tabbatar koyil shida lafiya, gas ya fi fetur wuyar kamawa. Na'urar rage matsin da ruwan inji ake ɗumama ta, wanda ya cire tamostat zai ga motarsa tana jinkirin komawa gas. Ka riƙa barin aƙalla kwatan tanki na fetur, da shi take tashi.

Tukunya ita ce batun rai. CNG yana zama a matsin bar 200, tukunyar gas ɗin girki kuwa ba a yi ta don ko kusa da haka ba, balle wadda aka haɗa da walda. Irin wannan ce ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo cikin Oktoban 2024. Ka ga hatimin ISO 11439 ko R110 a jikinta da idonka, da ranar ƙira da ranar ƙarewa. A ɗaure ta da maɗauri biyu da suka ratsa daben mota, da faranti ta ƙasa, a fitar da tiyon numfashinta waje. Za ka rasa kujerun layi na uku, kuma tukunyar ƙarfe mai lita 65 tana kai nauyin babban mutum, sifirin baya zai ji a jikinsa.

Sai lissafin tafiya. Tukunyar lita 65 tana ɗaukar kimanin kubik mita 14 zuwa 15, wanda a V6 zai kai ka kilomita 110 zuwa 140. Daga Kano ba za ka isa Kaduna da cika ɗaya ba. In zirga-zirgarka ta cikin gari ce kuma akwai wurin cikawa kusa da hanyarka, kuɗin zai dawo. In kuwa matafiyi ne kai, ka fara ƙirga gidajen gas da ke kan hanyar da ka fi bi kafin ka biya kuɗin aikin.